Shekara 10, biyar kan bindigar da ko harba ta bai yi ba

Baban Ilham: Jama'a wlh raina a ɓace yake. Yau kotun tarayya ta yanke wa yaron maƙwabcina a nan Bronx ta New York a Amurka shekara 10, biyar na rabin kilon hodar iblis, biyar na bindigar da suka samu ƙarƙashin kujerar motarsa, ko nuna ta bai yi wa kowa ba, kuma wai sai ya gama biyar ɗin farko sannan ya fara ta biyu. Uwarsa tun safe take zaune a bakin matakala da mayafi a hannu. In wannan ba zalunci ba ne to mene ne?

Dan Tasi: Yaro? Shekarunsa nawa?

Baban Ilham: 27

Dan Tasi: Haba malam. Mai 27 da a gida ne ai yana da mata da 'ya'ya uku. Yaro ne ke yawo da rabin kilo?

Maman Sadiq: A wajen uwarsa yaro ne ko ya yi furfura. Kai da ba ka haifa ba ina za ka sani.

Dan Tasi: Hajiya ki bar maganar haihuwa, 'ya'yan da yake sayar wa su ba uwa ce ta haife su ba?

Mai Karatu: Ku tsaya. Ba alƙali ne ya so ba, hannunsa a ɗaure yake. Dokar da ake kira 924(c) ta ce in an same ka da bindiga wajen harkar ƙwaya, mafi ƙaranci shekara 5 a kan hukuncin ƙwayar, in ka nuna ta 7, in ka harba 10. Kuma dokar 1984 ta soke sakin talala a tarayya, ko ya yi ladabi sai ya yi kusan kashi 85 cikin 100. Wani Weldon Angelos a Utah shekara 55 aka ba shi a 2004 kan sayar da wiwi da bindiga a jikinsa, alƙalin da kansa ya ce hukuncin ya yi yawa.

Na Trump: Kuma wa ya yafe masa a 2020? Ku faɗa mana mana 😂 Trump ne kuma ya sa hannu a First Step Act, dokar sassauta wa fursunoni, a 2018

Maman Sadiq: Tun 2016 mutumin ya fito, lokacin Obama. Kuma Obama ne a 2010 ya rage bambancin hukuncin kirak (dunƙulalliyar hodar iblis) da na hoda daga ninki 100 zuwa 18, bambancin da ya fi cin baƙar fata.

Na Trump: Ragewa ya yi ai, bai cire ba

Dan Tasi: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa ba, 27 yaro ne?

Sarkin Yaƙi: Ku 'yan waje kun lalata tarbiyya shi ya sa kuke ce wa gardi yaro

Baban Ilham: Kai da ko ƙofar filin jirgin Malam Aminu Kano ba ka taɓa shiga ba za ka koya mana tarbiyya? Ka fara biyan kuɗin adashen da ka ɗauka tun kafin azumi

Sarkin Yaƙi: A nan za ka tona min asiri? To bari in faɗi naka

Admin: Ya isa haka. Abin da aka cimma shi ne, mafi yawan 'yan gurup sun yarda mai 27 ba yaro ba ne, hukuncin ya yi daidai, kuma kowa ya ga Trump ya fi taimakon fursunoni. Maganar adashe a koma gefe.

Maman Sadiq: Wane mafi yawa? Mutum biyu ne kawai, kuma ɗaya ƙaninka ne

Baban Ilham: Mai Karatu don Allah, yaron girin kad (katin izinin zama a Amurka) gare shi ba fasfo ba, in ya gama za su bar shi a ƙasar?

Mai Karatu: Safarar ƙwaya tana cikin manyan laifukan da ke sa a kori mai girin kad. Su nemi lauyan shige da fice tun yanzu.