Da me kuke yanka rigar kan sarki?

Baban Ummi, Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Marigayi mahaifina ya yi aiki a gidan waya, ya bar mini gwangwani cike da kan sarki. A ciki har da guda bakwai na Arewacin Najeriya masu hoton Sarki George na Biyar, fitowar 1912, kafin a haɗe Arewa da Kudu a 1914. Na sa an kawo mini rigar leda mai baƙin baya da ake zura kan sarki a ciki a manna a albam, irin ta kamfanin Hawid, amma dogaye suke zuwa, sai mutum ya yanka da kansa. Na gwada almakashi, baki duk ya karkace. Ku da kuka daɗe a harkar, yaya kuke yi?

Malam na Fagge: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Ajiye almakashin nan. Ni sabuwar reza nake amfani da ita, da rular ƙarfe, a kan ɓallin gilashi. Ka auna faɗin kan sarkin har da haƙoransa, ka ƙara milimita ɗaya a kowane gefe, ka danne rula sosai, sannan ka ja sau ɗaya tak. Idan ka maimaita, bakin ledar yakan yi gashi. Abin da nake roƙonka: kada ka yanka alhali kan sarkin yana cikin rigar. Haka na yi a farkon farawata, rula ta goce, na share haƙora uku na wani kan sarkin bikin samun 'yanci na 1960. Yana nan a albam ɗina, duk sanda na buɗe shafin sai raina ya sosu.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne, Malam. Mu nan kan sarkin Nijar na jirgin sama manya ne, suna cin leda. Na koma ƙaramin injin yanka na masu hoto, mai ma'auni a jiki. Saiti ɗaya, sai in fitar da goma daidai wa daida.

Maman Sadiq, Kaduna: Ni matsalata ba yanka ba ce, manna ce. Bayan rigar yana da gam, jiƙa shi ake yi. Na cika ruwa, ya zarce ciki, gam ɗin sabon kan sarki ya kama leda, da ƙyar na raba su, bayan ya lalace. Yanzu auduga nake ɗan tsomawa, in matse, in shafa siririn layi kawai nesa da bakin da yake buɗe, in manna rigar ita kaɗai. Sai ta bushe nake zura kan sarkin da hantsaki mai faffaɗan baki. Kuma don Allah a guji salatif. Na yayana da ya manna da shi duk sun yi tabon mai ruwan ƙasa, ba ya fita.

Shafuka kuwa a kwamfuta nake zana su. Akwai manhajar AlbumEasy, kyauta ce, amma ko Word ya isa: akwati ga kowane kan sarki, shekara da bayani a ƙasa. Ina bugawa a takarda mai kauri, giram 160, marar asid. Takardar giram 80 lanƙwashewa take yi idan leda ta yi mata nauyi. A bar fili sosai a hagu saboda huda.

Malam na Fagge: Hajiya ta tuna mini da damina. Tsaye nake jera albam, ba kwance ba, don nauyi da laima su ke sa gam ya kama. Ƙananan ƙunshin shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, su nake zubawa a kabad ɗin.

Baban Ummi, Zariya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya da dare na gwada reza da gilashi a kan guntayen da na ɓata, na biyar ya fito sak. Hajiya, takardar giram 160 ɗin nan, wajen masu buga katin biki zan nema, ko akwai inda ya fi?