Ta yaya zafi ke ƙara wa iskar can sama kauri?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta aikin makaranta kan taurarin ɗan Adam guda 49 na Starlink (masu samar da intanet) da aka harba ranar 3 ga Fabrairu 2022. Guguwar maganaɗisu, wato hargitsin da Rana ke haddasawa a maganaɗisun duniya, ta riske su a tsayin kusan kilomita 210, guda 38 suka faɗo suka ƙone.

Abin da ya ɗaure min kai, an ce guguwar ta ɗumama iskar saman, sai ta ƙara kauri har ta ja su ƙasa. To a aji an koya mana iska in ta ji zafi buɗewa take, ta yi shara-shara. Kwana uku ke nan ina zanawa a takarda ina gogewa. Ko iskar da ke ƙasansu ce ta kumbura ta hau inda suke? Don Allah masana ku warware min.