Ɗana ya samu mataki na 2 a jarrabawar jiha, ku ba ni shawara

Uwargida daga Bronx: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana aji huɗu a firamare a nan New York. Sakamakon jarrabawar jiha da suka rubuta a ƙarshen aji uku ya fito: lissafi mataki na 3, Turanci mataki na 2. Abin ya ɗaure min kai, don malamarsa kullum yabonsa take. Idan yana karatu a fili, zuba yake kamar ruwa, amma in na ce "to me ya faru a labarin?" sai ya sosa ƙeya ya faɗi kalma biyu ya yi shiru. Babansa ya ce daga yau a daina yi masa Hausa a gida, a kuma cire shi daga islamiyyar Asabar da Lahadi ya zauna bita. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Za a maimaita masa aji ne? Ni Turancina bai kai in koyar da shi ba.

Malamar firamare: Wa alaikumus salam 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Matakan huɗu ne. Na 3 shi ne wanda ya kai abin da ake nema a ajinsa, na 2 kuma ya kama wani sashe, saura wani. Tun 2014 dokar jihar New York ta hana a ɗauki wannan sakamako a matsayin babban dalilin maimaita wa yaro aji, sai an duba aikinsa na shekara gaba ɗaya. Jarrabawar kanta dokar tarayya ce ta wajabta ta, kowace shekara daga aji uku zuwa takwas, a karatu da lissafi, don a auna makarantu.

Abin da kika faɗa game da sosa ƙeyar nan shi ne zancen. Furta kalmomi daban, fahimtar abin da aka karanta daban. A jarrabawar ana ba yaro labari ko bayani, ya amsa tambaya da rubutun kansa, ya kuma kawo hujja biyu daga cikin rubutun. Yara da yawa sun san amsar, sai su rubuta layi ɗaya su wuce, maki ya zube. Kuma tun 2016 ba a ƙayyade musu lokaci, amma duk da haka wasu sauri suke don su riga abokansu tashi.

Ga abin da za ki iya ko ba Turanci: ya karanta shafi ɗaya, ya rufe littafin, ya ba ki labarin da Hausa. Ki ce masa "ta yaya ka sani? Nuna min wurin." Ya ɗora yatsa a kan layin. Wannan ita ce ainihin dabarar da ake gwadawa. Ma'aikatar ilimi ta jiha tana sakin yawancin tambayoyin shekarun baya a intanet kyauta, ki sa a buga miki biyu ko uku, ba tuli ba.

Baba daga Harlem: 'Yata, ki lallaɓa maigidan naki, tsoro ne ya sa shi faɗin haka, ba ƙin yaron ba. Amma hana Hausa ba magani ba ne. Yaron da yake wuni a makaranta cikin Turanci, ba hirar cin tuwo da dare ce ta rage masa maki ba. Na ga waɗanda aka yi wa haka, yau ko gaisawa da kakarsu a waya ba sa iyawa. Islamiyya kuma a bar ta. In akwai abin ragewa, wayar hannu da talabijin ne.

Maman 'yan biyu: Ni gaskiya na ƙi a yi wa nawa jarrabawar bana. Na rubuta wa shugaban makaranta takarda, shi ke nan. A 2015 kusan kashi 20 cikin ɗari na ɗaliban jihar nan ba su rubuta ba. Ciwon ciki kawai take sa wa yara.

Malamar firamare: Yaya, wannan zaɓinki ne, kuma na san wasu yaran tana takura su. Sai dai a wannan yaron, jarrabawar ce ta tono abin da yabon malama ya rufe. Ni da ɗana ne, zan bari ya sake rubutawa in ga ko ya motsa.

Anti daga Queens: Ki je taron iyaye da malamai na Nuwamba, kada ki tura kowa. Ki nemi tafinta tun kafin ranar, kyauta ne kuma haƙƙinki ne. Ki tambayi malamar wane ƙarin taimako makarantar ke ba waɗanda ba su kai mataki na 3 ba, sau nawa a mako, wa ke koyarwa. Tawa 'yar sai da na rubuta takarda na nemi a yi mata cikakken gwaji kafin aka gano matsalar karatu take da ita. Naki bai yi kama da haka ba tunda yana furtawa daidai, amma in wata uku suka wuce ba canji, ki nema a rubuce, ki ajiye kwafi.

Uwargida daga Bronx: Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa babansa, ya yarda a bar islamiyya. Malama, wane irin littafi zan samo masa?

Malamar firamare: Ki kai shi laburaren unguwarku ya yi kati, kyauta ne, kuma tun 2021 sun daina cin tarar jinkirin mayar da littafi. Ya zaɓi ɗaya da kansa, ke kuma ki ce wa ma'aikaciyar ta ba ki na bayanin gaskiya na aji huɗu, irin na dabbobi ko taurari, don jarrabawar ba tatsuniya kaɗai take kawowa ba. Minti 20 kowane dare ya isa. Za a sake jarrabawar tsakanin Afrilu da Mayu, kuma a kwamfuta 'yan aji huɗu suke yi yanzu, don haka ya riƙa buga amsarsa a madannai ko sau ɗaya a mako.