Noah Wyle da rigar likita: abin da ma'aikatan asibiti da 'yan fim suka lura da shi

Darakta: Salamu alaikum jama'a. Zancen Noah Wyle na kawo, ɗan wasan Amurka da aka haifa a 1971. Yana da shekara 23 tashar NBC ta fara haska shirin asibiti mai suna ER a Satumban 1994, ya fito a John Carter, ɗalibin likitanci a wani asibitin gwamnati na Chicago. Shirin ya yi zango 15, kashi 331, kuma da shi aka yi 254. Sau biyar ana sa shi takarar Emmy, kyautar shirye-shiryen talabijin ta Amurka, a kan Carter bai samu ba, sai a 2025 da ya fito a Dakta Robby, babban likitan sashen gaggawa a shirin The Pitt. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da masu sana'armu: me kuke gani a jikinsa da ya sa kuke gaskata shi?

Sista mai jinya: Wa alaikumus salam, Darakta. Hannu muke kallo kafin baki. Abin sauraron ƙirji, kawunan da ke shiga kunne gaba suke fuskanta, wajen hanci. 'Yan wasa da yawa juya shi suke yi, kuma a haka ba abin da za ka ji sosai. Wanda ya sa safar tiyata, hannunsa ba ya sauka ƙasa da ƙugu, ba ya gyara takunkumi, ba ya sosa goshi. In ya taɓa, safar ta ɓaci, sai sabuwa. Wajen sa allurar ƙarin ruwa a ɗaure dantse, a goge fata, bakin allura na kallon sama, a shiga a kwance kamar digiri 15 zuwa 30, a ga jini ya leƙo, a tura robar kaɗai, a kwance ɗaurin. Shi Wyle yana yin irin waɗannan idonsa na kan mara lafiya, bakinsa na wata magana daban. Mahaifiyarsa ma ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren ƙashi.

Likitan gaggawa: Gaskiyarki, Sista. Inda shirye-shiryen asibiti suka fi ɓata mana aiki shi ne danna ƙirji don farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Na gaskiya: tafin hannu a tsakiyar ƙirji, gwiwar hannu a miƙe, kafaɗa bisa hannu, dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, bayan kowace 30 a hura iska sau biyu. Ana canjin mai dannawa duk minti biyu saboda gajiya na rage zurfi, kuma haƙarƙari kan karye. A talabijin sai ka ga gwiwar hannu na lanƙwasa, ana shafa ƙirji kawai. Na biyu, in layin na'urar da ke nuna bugun zuciya ya miƙe ɗoɗar, ba a jona lantarki. Lantarki na zuciyar da ke karkarwa ne ba tsari. Miƙaƙƙen layi dannawa yake so da allurar adiranalin, miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5. Wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 1996, wanda ya haɗa da ER, ya gano kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka danna wa ƙirji a talabijin sun farfaɗo. A asibiti abin bai kusanci haka ba, kuma da wannan tsammanin dangi ke zuwa mana. Shi ya sa na ji daɗin yadda The Pitt ke nuna an yi iya yi, an rasa, an zauna da iyaye an faɗa musu.

Mai kayan wasa: Likita, a yi mana uzuri kan lanƙwasa hannun. Mai rai ne a kwance, in aka danna shi santimita 5 sai asibitin gaske. Mafita ita ce gangar jikin roba a saman gado, ɗan wasan yana ƙasa ta wani rami, kansa kaɗai ke waje, a rufe mahaɗar da zani. Allura kuwa mai komawa cikin sirinji ce. Jini ruwan sukari ne mai kauri da jar kalar abinci, a ɗiga shuɗiya kaɗan, in ba haka ba kyamara na nuna shi kamar zoɓo. A tanadi riga iri ɗaya aƙalla uku, don kowane maimaici da wankakkiya ake farawa.

Mai kyamara: ER ta yi suna da doguwar ɗauka ba yankewa, kyamara ɗaure a jikin mai ɗauka yana bin gado daga ƙofa har ɗaki. Mutum ɗaya ya manta sunan magani a ƙarshe, kowa ya koma farko. A 1997 har kai tsaye suka yi kashi guda, sau biyu, don gabashi da yammacin Amurka. The Pitt kuma kashi 15 ne a zangon farko, kowanne awa guda cikin aikin yini ɗaya, don haka tabon da ya hau riga da safe dole a gan shi da yamma. Kafin ɗauka sai da 'yan wasan suka yi mako biyu likitoci na koya musu ɗinki da sa bututu.

Likitan sa barci: Bututun numfashin nan a kula: ƙarfen buɗe maƙogwaro a hannun hagu yake ko da mutum badame ne, bututu a dama. Ɗaga ƙarfen ake yi gaba da sama. Wanda ya jingina shi da haƙoran sama zai ɓalle su. Bayan an sa, a hura balon da ke bakinsa, a saurari ƙirji dama da hagu, sannan a ɗaure. Sai dai ban yarda da saurinsu ba, sakamakon yawancin gwajin jini ba ya dawowa cikin minti biyar.

Darakta: Na gode ƙwarai. Sista, in za a ɗauki fitowar asibiti ta minti uku, wa ya kamata a ajiye kusa da kyamara?

Sista mai jinya: Ma'aikacin jinya na sashen gaggawa, tun ranar gwaji, ba ranar ɗauka ba. Ya karanta rubutun, ya jera kayan tire da kansa, kuma a ba shi damar cewa a tsaya.