Masu auna kifi a dam: wa suka taɓa zuwa wajensa? (maganar giwan ruwa)

Ɗan Sarkawa, Yawuri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce wasu mutane suka sauka bakin ruwanmu da sassafe, da katako mai lambobi kamar rula da sikeli da littafi, duk jirgin da ya fito sai su roƙa a bari su auna kifin kafin dillalai su taɓa. Ni dai na ba su nawa. Giwan ruwa uku ne a ciki, babban cikinsu ko tsawon hannuna bai kai ba, wallahi sai da jikina ya yi sanyi don a ruwan nan na Kainji Baba ya sha kamo wanda sai mutum biyu sun rataya a sanda. To duk wanda aka taɓa yi wa awon nan a dam ɗinsu ya ba mu labari, me suke nema, kuma ku ma giwan naku ya ƙanƙance haka?

Tsohon ma'aikaci, New Bussa:
Wa alaikumus salam ɗana. Na yi wannan aikin da hannuna a shekarun 1990 lokacin da Jamusawa suka kawo shirin bunƙasa kamun kifi a Kainji, ga kuma cibiyar binciken kifi ta NIFFR a nan garin. Aikin iri biyu ne. Akwai ƙidayar shekara, mu bi tunga tunga a jirgi mai inji muna lissafa masunta da jirage da kayan kamu irin su kalli da birgi da mamari da gura da dala. Sai na wata wata, a zauna a wasu tungaye a auna abin da kowane jirgi ya fito da shi, daga nan ake ƙiyasta na tafkin gaba ɗaya. Ba wanda zai iya ƙirga kifi a ruwan da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200, wanda aka tare tun 1968, sai dai a ƙiyasta. Tsawo da nauyi kuwa su ke nuna ko kifin na samun abinci, ɓawon jikinsa ma idan ka duba a madubin bincike akwai zobe zobe da ake gane shekaru da su. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dala, doguwar komar nan da ake ja zuwa gaɓa. Don warangi, wasu 'yan mitsi mitsin kifi, ake janta amma idonta ƙanana ne sosai, ka buɗe abin da ta kwaso ka ga 'ya'yan giwan ruwa kamar yatsa cakuɗe da warangin, shi ya sa aka hana ta. Kuma warangin nan shi ne abincin giwan tun yana tasowa, ka ga ta ko'ina an cuce shi.

Maman Hajara mai banda, Malale:
Baba gaskiya ka faɗa. Mu mata mu ke fasa cikin kifi kullum amma ba a cika tambayarmu ba, da maza ake tsayawa. Da sai na yanka giwa gunduwa gunduwa kafin ya hau banda, yanzu guda nake ɗora shi kamar karfasa. Mai ƙwai kuwa na jima ban fasa ba, su mata sai sun girma sosai suke fara ƙwai, sun fi maza girma, to ana kwashe su tun ba su kai ba. Wani lokaci ina samun tsutsa fara a naɗe jikin hanji, wata 'yar makaranta da ta zo ta tsince ta da ɗan hantsaki ta sa a kwalba, ta ɗaga marfin kunnen kifin ta nuna min wasu ƙwari ƙanana maƙale a jan wurin numfashin, shekara ashirin ina sana'ar nan ban taɓa lura da su ba sai ranar.

Abu Fishari, Kano:
Ni firojet ɗina na digiri a dam ɗin Tiga na yi, kan karfasa da tarwaɗa. Sati biyun farko na sha wuya, ana hango ni da littafi sai jirage su karkata wani gefen su sauke, ashe sun ɗauka ɗan haraji ne ko mai ƙwace koma. Sai da Sarkin Ruwa ya tara su ya yi bayani tukun aka sake da ni, kuma nauyin da na rinƙa samu bayan nan ya fi na farko nesa ba kusa ba, dole na zubar da lambobin farkon.

Mai Mamari, Shagunu:
Ni fa ban yarda giwa ya ƙare ba, ya yi ƙaranci dai. Manyan suna can zurfi ta tsohuwar hanyar kogi, sai mai mamari da ƙugiya babba da ɗanyen kifi a baki yake samunsu, yawanci cikin dare. Kuma babba ba ya isa bakin gaɓa, tun kan ruwa dillali ya buga waya ya saye ya sa a ƙanƙara, masu awo su zo da hantsi su tarar da 'yan ƙanana su rubuta. Sannan ruwan nan cika biyu yake yi, farin ruwa na damina da baƙin ruwa da ke gangarowa daga Gini ya biyo ta Mali cikin sanyi, kamun kowanne daban, wanda ya zo sau ɗaya me zai gani.

Tsohon ma'aikaci, New Bussa:
Malam Mai Mamari wannan gyara ne mai kyau, mu ma mun san da giɓin, shi ya sa ma'aikata ke shimfiɗa nasu kallin mai ido kala kala ya kwana a ruwa. Amma manyan da kake kamowa su ne iyayen, in ka samu mace cikinta cike da ƙwai ka tuna da maganar Maman Hajara.

Ɗan Lagdo, Garwa:
Gaisuwa daga Kamaru. Mu nan kafiten muke ce wa giwan ruwa, dam ɗinmu na Lagdo kan kogin Binuwai yake tun 1982 kuma Hausawa masunta muna da yawa. Duk damina ana rufe ruwa wata uku don kifi ya hayayyafa, akwai wuya sosai ga mai iyali, ni gona nake komawa, wasu kuma suna satar shiga da dare da gidan sauro. Amma ranar da aka buɗe ana ganin bambanci a jirgi, wannan na gani da idona ba labari ba. Abin da ke ɓata min rai wasu sun zo sun auna mana kifi kwana huɗu har abinci muka ba su, sun ce za su dawo da sakamako, har yau shiru.

Ɗan Sarkawa, Yawuri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gaskiya ni ma ranar akwai guda mai ɗan girma da na sayar tun kan ruwa ban faɗa musu ba. Sun ce ƙarshen wata za su dawo, zan faɗa musu a rubuta shi, kuma zan kai su wajen matan banda na tungarmu. Baba na New Bussa don Allah ido nawa ya kamata kalli ya zama don 'ya'yan su wuce, nawa yatsa biyu ne ke shiga.