Kashi nawa ya kamata dillali ya ci a kwangilar tsaron intanet?

Injiniya: Ni dai ra'ayina bai canja ba. Duk kamfanin dillancin ma'aikata da ya yanki fiye da kashi 15 cikin 100 daga kuɗin awa na ɗan kwangilar tsaron intanet, gumin wani yake ci. Kai za ka kwana kana gwajin kutse, ka rubuta rahoto, ka tsaya gaban shugabannin kamfani kana kare abin da ka gano. Shi kuwa waya kawai ya buga.

Dillali: Ranka ya daɗe, da waya ce kawai ai kowa ya buɗe kamfani. Wanda aka yi wa aikin yakan kai kwana 60, wani har 90, bai biya ba, kai kuma wata na ƙarewa kuɗinka sun shigo. Aljihun wa ya cike wannan giɓin? In ya durƙushe kafin ya biya, asarar tamu ce. A Birtaniya ma, tun Afrilun 2021 da aka faɗaɗa dokar IR35, wato dokar harajin 'yan kwangilar da ke aiki tamkar ma'aikatan kamfani, zuwa matsakaita da manyan kamfanoni masu zaman kansu, in an ce kwangilarka ta shiga ƙarƙashinta, wanda ke biyanka ne ke cire haraji, kuma galibi mu ne.

Malama: Ku fara daidaita lissafin tukuna. A ce ana biyan 100 a awa, ɗan kwangila ya karɓi 75. Dillali zai ce kashi 25 ya ɗauka. Amma in ka auna da abin da ya shiga hannunka, kashi 33 ya ɗora. Sannan a Amurka, in dillali ya ɗauke ka a tsarin W-2, wato a matsayin ma'aikacinsa, shi ke biyan rabonsa na kashi 7.65 na harajin Social Security da Medicare, wato na fansho da lafiyar tsofaffi. In kana tsarin 1099, wato mai zaman kanka, rabonsa da naka, kashi 15.3, duka a wuyanka yake. Wanda ya ci 25 a tsarin farko da wanda ya ci 25 a na biyu ba ɗaya suke ba.

Injiniya: Na ji wannan, Malama. To sabunta kwangila fa? Wata shida na farko ya nemo ni, ya tantance ni, ya ci la'adarsa, ban ce komai ba. An sabunta sau uku saboda aikina ya yi kyau, la'adar tana nan ko gezau. Wane sabon aiki ya yi?

Sabon shiga: Don Allah manya, ni albashin shekara na raba da awa 2,080, abin da ya fito na nema. Kuskure ne?

Malama: Ƙanena, ka cuci kanka. Awa 40 sau mako 52 ke nan, lissafin mai albashi da ake biya ko yana hutu ko yana kwance asibiti. Kai ba hutu, ba fansho, kuma tsakanin kwangila da kwangila kana iya yin makonni a zaune. Lasisin Burp Suite Professional, manhajar gwajin kutse, duk shekara ake sabuntawa. CISSP, takardar shaidar ƙwarewa a tsaron intanet, sai da gogewar shekara biyar, bayan ka samu kuma ga kuɗin shekara-shekara da maki 120 na ƙarin ilimi a kowace shekara uku. Duk wannan ka zuba shi cikin kuɗin awarka.

Dillali: Abin da ya kamata ku riƙe ke nan. Ka yanka farashin da ya ishe ka, ka bar mana namu cinikin.

Injiniya: A'a, Alhaji. In kamfani na biyan 100 ni ina karɓar 60, aikin mai 100 yake jira daga gare ni, kuma ranar rage kashe kuɗi ni za a fara sallama saboda na yi tsada. Ka nuna mini abin da ake biyanka kawai.

Dillali: Yarjejeniyarmu da su ta hana.

Injiniya: To ku daina sa hannu a kan irinta.