Shawara nake nema: in ba da ƙariyata mai shekara 9 a kan Ariocarpus ɗaya?

Mai_Ƙariya:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da ƙariya, wadda masu sayar da fure ke kira adeniyum, da hannuna na shuka ta daga iri shekara 9 da suka wuce. Gindinta yanzu sai na haɗa hannu biyu nake zagaye shi. Wani da muka daɗe muna musayar hotuna, yana wata ƙasa, ya ce in tura masa ita, shi kuma ya turo min wani nau'in kaktus da ake kira Ariocarpus retusus guda ɗaya mai faɗin tafin hannu. Ba kuɗi a tsakani, kowa ya biya kuɗin aikensa. Abu biyu ke min tsaye a rai. Na farko, ya ce ba shi da takardar komai, da na tambaye shi ko daga iri aka raine shi sai ya ce wai tsoho ne, daga can gidansu ya fito. Na biyu, sai na tuge ƙariyar na wanke saiwarta na rage mata rassa kafin ta shiga kwali. Ya ba ni zuwa Juma'a, wai akwai mai jira. Wanda ya taɓa irin wannan musayar ta tsallaken iyaka ya faɗa min yadda ta kaya. Don Allah ba tambayar ban ruwa nake yi ba.

Uwar Tukwane:
Wa alaikumus salam ɗana. In ya iso kada ka ba shi ruwa sai bayan mako biyu. Kuma ka tabbata tukunyar tana da huji a ƙasa. Ruwa ke kashe kaktus, ba ƙishirwa ba.

Sarkin Ƙaya:
Hajiya, bawan Allah ya ce ba tambayar ban ruwa yake ba, ke kuma kin iso da bokiti cike.

Uwar Tukwane:
Kai dai ka iya bakinka. Duk tambayar da aka yi a gidan nan ƙarshenta ruwa ne.

Na Gefe:
Turo hoton ƙariyar mu gani. Furenta mai ninki ne ko falle ɗaya? Ni ina neman mai ninki, ja mai duhu. In ta faɗi ƙasa ka ajiye min reshe.

Tsohon Hannu:
Ƙanina, zauna ka ji nawa kafin ka ɗaure kwali. Ina da tukwane 140 a lokacin, wasu na fi shekara goma ina rainonsu. Wani da nake ganin mutunci ne tsakaninmu ya ce yana son 'ya'yan kaktus ɗina na jinsin Echinopsis, zai ba ni na jinsin Mammillaria guda uku. Suka zo fes, ba tabo, har da fure a kan ɗaya. Don murna ko saiwarsu ban duba ba, na jera su tsakiyar sauran a ranar. Wata biyu ban ga komai ba. Sai na lura wasu sun daina girma, suna yamushewa alhali ina ba su ruwa daidai. Ranar da na juye tukunya ɗaya sai da na zauna a ƙasa. Saiwar duk ta yi fari kamar an barbaɗa toka, farin ƙwaron nan ne mai kama da auduga, amma irin wanda ke zama a cikin ƙasa, ba ka ganinsa ta sama. Ya bi ruwan da ke tsiyaya daga wannan tukunya zuwa waccan, ya gama da layi uku. Mako uku ina tuge shuka, ina wanke saiwa, ina zubar da ƙasa, ina dafa tukwane. Yatsuna duk ƙaya. Duk da haka 46 suka tafi, har da wani kaktus, Echinocactus grusonii, da marigayi abokina ya bar min, wanda ba don kuɗi nake riƙe da shi ba. Da na kira mutumin, ka san me ya ce? Wai a wurina suka kwaso. Da na tura masa hoto sai ya toshe lambata. Har yau yana nan yana musaya da mutane yana saka hotuna.

Uwar Tukwane:
Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Alhaji. Na tuna lokacin da ka daina magana a gidan nan, ashe abin da ya faru ke nan.

Na Gefe:
Wane ne? Ka faɗi sunansa mu kiyaye.

Tsohon Hannu:
Ba zan faɗa ba, na bar shi da Allah. Amma tun daga ranar duk abin da ya shigo gidana sai ya yi kwana arba'in a keɓe, nesa da sauran, saiwa a wanke, ƙasar da ya zo da ita a bola. Ko uwata ce ta ba ni.

Sarkin Ƙaya:
Kwana arba'in kamar mai jego. Ana yi masa wankan safe da yamma ne, Alhaji?

Ɗalibin Tsirrai:
Da izinin manya, an bar ainihin tambayar. Matsalar Mai_Ƙariya ba ƙwaro ba ce, doka ce. Duk jinsin Ariocarpus yana rukuni na ɗaya na yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wadda aka sanya wa hannu a 1973 ta fara aiki a 1975. Rukuni na ɗaya shi ne mafi tsanani: wanda aka haƙo daga daji ba a cinikinsa tsakanin ƙasashe, wanda aka raina a gona kuma sai da takardar shaida yake tsallaka iyaka. Musaya ko kyauta ba ta fitar da kai daga wannan. Ban da haka akwai takardar lafiyar tsirrai da ƙasashe da yawa ke nema ga duk shukar da za ta shigo, wato ita ma ƙariyarka tana iya maƙalewa a can. Maganar da ya yi cewa daga gidansu ya fito ita ce ta fi tayar min da hankali, domin gidan Ariocarpus retusus duwatsun arewa maso gabashin Meziko ne. A 2020 'yan sandan Italiya sun kama kaktus sama da 1,000 da aka sato daga hamadar Atacama ta ƙasar Chile, galibinsu Copiapoa da Eriosyce, a shekarar da ta biyo aka mayar da sama da 800 gida. Kuma binciken da aka fitar a 2015 ya nuna kashi 31 cikin 100 na nau'ukan kaktus suna fuskantar barazanar ƙarewa, tarawar masu sha'awa irinmu tana cikin manyan dalilai.

Baba Mai Tsakuwa:
Yaro, tukwane nawa gare ka?

Ɗalibin Tsirrai:
Goma sha huɗu, Baba.

Baba Mai Tsakuwa:
To ni shekara talatin da ɗoriya nake wannan harka, tun ba a san intanet ba, da wasiƙa muke musayar iri. Na karɓi kwali ya fi a ƙirga, sau biyu kawai kwastam suka riƙe min. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Littafi bai taɓa raina Ariocarpus ba.

Ɗalibin Tsirrai:
Allah Ya ƙara girma, Baba, ban yi musun gogewarka ba. Amma rashin kama mutum bai halatta abin ba.

Gimbiyar Lithops:
Baba ka yi haƙuri, a nan yaron ya fi ka gaskiya. A ban ruwa da haɗa ƙasa kai ne malaminmu, ba mai ja. Amma kai da bakinka ka ce sau biyu aka riƙe maka. In na Mai_Ƙariya ya zama na uku fa? Ƙariyarsa ta riga ta tafi, ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Baba Mai Tsakuwa:
Ni ban ce ya karɓi na daji ba, ku daina sa min magana a baki. Na daji ma ba ya yin ƙarko a tukunya. Masu haƙowa sauri suke yi, sai su tsinke masa babbar saiwar nan mai kauri, ita ce kuwa rumbunsa. Ya yi shekara yana zaune kamar dutse, ka ɗauka yana raye, ashe ta ciki yake ruɓewa. Ɗana, ka ce ya turo hotonsa tsirara ba ƙasa. In saiwar a guntule take, jikin ya yi toka-toka da tabo, ba ƙananan jijiyoyi, na daji ne. Wanda aka raina daga iri fatarsa sumul take, saiwarsa cikakkiya. Wannan ba a littafi na gani ba.

Na Gefe:
Ni dai lissafi nake. Ariocarpus mai faɗin tafin hannu kuɗinsa zai sayi ƙariya irin taka biyar. Riba ce tsantsa, ka karɓa kawai.

Uwar Tukwane:
Biyar a ina? Ƙariya 'yar iri mai shekara 9 da gindi kamar tulu? Bara an taya tawa da abin da zai sayi ƙananan kaktus arba'in na ƙi. Wadda aka dasa daga reshe ce mai araha, don ba ta yin gindi irin wannan.

Gimbiyar Lithops:
Ni kuma na sayi Ariocarpus da kuɗin da bai kai na tukunyar da na sa shi ciki ba.

Baba Mai Tsakuwa:
Naki mai aure ne, 'yata, na gan shi a hoto. An yanke shi an ɗora shi kan wani kaktus daban, Pereskiopsis, tun yana ƙarami, a shekara biyu uku ya kumbura ya yi fure. Wanda ke kan saiwarsa yakan kai kusan shekara goma kafin ka ga furensa. Ba kuɗinsu ɗaya ba, ba kamanninsu ɗaya ba.

Sarkin Ƙaya:
Ashe har a wurin kaktus aure na sa ƙiba.

Tsohon Hannu:
Ku yi ta dariya. Ni ma haka nake dariya kafin in juye tukunyar nan. Kuma ku lura da wa'adin Juma'a da maganar akwai mai jira. Nawa ma cewa ya yi tafiya zai yi, in yi sauri. Duk mai gaggauta ka a harkar shukar da ke shekara goma kafin ta yi fure, akwai abin da ba ya so ka gani. 46, jama'a. Har yanzu wurin da grusonii ɗin nan yake ban sa komai ba.

Mai_Ƙariya:
Na gode ƙwarai. Na nemi hoton saiwar, ya ce ba ya so ya dame shi sai ranar aikowa. To in shi ya fara turowa fa, ni in riƙe tawa sai nasa ya iso? Akwai wanda ya taɓa yin haka?

Amaryar Fure:
Ku gafarce ni, sabuwa ce ni. Tunda ana maganar aure, na sayi wani kaktus ja jawur kamar ƙwallo a kan kore mai kusurwa uku. Yanzu na ƙasan yana laushi, jan yana nan lafiya. In cire jan in dasa shi shi kaɗai?

Ɗalibin Tsirrai:
Kada ki yi, 'yar'uwa. Jan Gymnocalycium mihanovichii ne wanda ba shi da koren sinadarin da shuka ke haɗa abincinta da shi daga hasken rana, na ƙasan ne ke ciyar da shi, galibi wani kaktus ne mai suna Hylocereus. Shi kaɗai mutuwa zai yi. Sai dai a yanke shi da wuƙa mai tsabta a sake masa aure kan wani kore mai lafiya, a ɗaure da roba kamar mako biyu.

Amaryar Fure:
Mai sayarwar bai faɗa min ko ɗaya ba. Cewa ya yi ba ya mutuwa, ko ruwa ba ya so.

Uwar Tukwane:
Su faɗa miki su sayar wa wa? Ni abin da ya fi ƙona min rai furen gam. Jikata ta sayo min kyauta, kaktus ɗan mitsitsi da fure ruwan hoda a ka, tana ta murna. Wata huɗu fure bai yi yaushi ba, na ce wannan wane irin ikon Allah ne. Da na sa tabarau na duba, busasshen fure ne aka manna da gam mai zafi, har ya ƙona kan shukar inda take tsirowa. Na cire a hankali, tabon yana nan har yau.

Gimbiyar Lithops:
Hajiya ai gara ke. Ni irin Lithops, 'yar shukar nan mai kama da tsakuwa, na yi oda ta intanet, a hoto kala bakwai har da shuɗi kamar an rina, wai ƙwaya 200. Na tace yashi, na rufe da leda, kullum da asuba ina leƙawa. Kwana biyar suka tsiro, na ce kai, da wuri haka? Bayan mako uku ciyawa ce tsaye har da dogon ganye.

Sarkin Ƙaya:
Kin ba ta ruwa daidai dai ko? Hajiya za ta tambaya.

Baba Mai Tsakuwa:
Ni nawa ƙyarana aka sayar wa ɗan ƙanwata da sunan kaktus na Amurka. Na ce ya soka allura, sai ga farin ruwa kamar nono. Euphorbia ce, ba dangin kaktus ba ce ko kusa, kuma ruwan nan in ya shiga ido sai asibiti. Kaktus na gaskiya ƙayarsa daga wani ɗan tudu mai gashi-gashi take fitowa, ku riƙa dubawa. Amma mai shago ko a jikinsa, har fenti suke fesa wa wasu.

Ɗalibin Tsirrai:
Wannan kam daidai yake da abin da ke cikin littafi, Baba.

Baba Mai Tsakuwa:
To littafin ne ya yi sa'a.

Na Gefe:
Ya kamata mu buɗe jerin sunayen masu sayar da irin bogi, kowa ya sa wanda ya cuce shi.

Tsohon Hannu:
An taɓa yi, rigima ta tashi aka goge. Wanda ya kawo min ƙwaro ma yana cikin masu rubuta sunayen wasu.

Mai_Ƙariya:
Jama'a, gobe Alhamis. Maganar ya fara turowa fa?

Amaryar Fure:
Hajiya, furen gam ɗin da me kika cire shi? Na je na duba ɗayan nawa yanzu, ina jin shi ma mannawa aka yi.